Tsakanin Tebur da Kabad

Gwaggona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen layinmu gaba ɗaya. Ni lafiya lau nake, sai dai tsayuwar kantin magani da take cinye mini ƙafafu. In na dawo ɗaki ko takalmi ba na iya cirewa sai na zauna na huta. Murar da na gaya miki ta tafi. Yaya bayanki? Yaya sana'a? Ina fata mai shagon kan kwana yana nan yana aiko da kwandonsa tun burodi bai huce ba.

Kin ce waya ta "ina kwana" ce, ba ta magana ba, shi ya sa na rubuto. Ina da 'yan tambayoyi, kuma ina roƙon kada ki tambaye ni dalili yanzu. Teburin da kike kwaɓi a kai, mene ne faɗinsa? Tsakaninsa da kabad ɗin da ke samansa fa? Ki ari tef ɗin maƙwabciyarki mai ɗinki ki auna mini sosai. Soket ɗin da ke bayan firij yana aiki kuwa? Wutar layinku tana tsayawa ko har yanzu rawa take yi? Sannan fulawa nawa kike kwaɓawa a tashi ɗaya?

Abin dariya, a kicin ɗin nan kika raine ni, na san inda kowane cokali yake kwana, amma da aka tambaye ni girmansa sai na ga ban sani ba.

Ki gaishe mini da mai ɗinki.

'Yarki,
Lashe-kwano

*

'Yata,

Na sami takardarki, na kuma gode Allah da murar ta tafi. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi in kin dawo. Ni lafiyata ƙalau, bayana ma ƙalau, ki gaya wa duk wanda ya aiko ki tambaya.

"Da aka tambaye ni girmansa." Wa ya tambaye ki? Na karanta wannan layin har ya kusa gogewa.

Bari in ba ki labari, ko da yake ina jin kin riga ni sani. Watan jiya ɗan nan nawa, yayanki, ya zo mini da wani mutum mai takalmi mai ƙyalli da tef a aljihu. Wai rufin ɗaki zai duba saboda yoyo. Mai duba rufi da bai ɗaga kai sama ba ko sau ɗaya! Tagar falo ya auna, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa banɗaki, ya tsaya a ƙofar kicin yana gyaɗa kai kamar an ba shi kyauta. Da suka gama yayanki ya zauna ya sha shayi, ya ce mini ɗakin da ke gidansa babu kowa a ciki, akwai iska, ga jikoki. Gidan da ke can saman bene, wanda kicin ɗinsa in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita da baya. Na ce masa ya gaishe da iskar.

Yanzu kuma ga ki da tef. Shi ya auna falo, ke an bar miki kicin, don an san ke ce ba na iya hana wa komai. Har da soket, har da ƙarfin wuta, irin tambayar masu neman haya. Sannan a ƙarshe aka soka "fulawa nawa kike kwaɓawa", don a ji ko tsohuwa ta fara ragewa.

Ban haife ki ba, amma tun kina rarrafe nake jin ƙaryarki kafin ta fito. Kicin ɗin nan ni na tsaya a kan kafinta har ya kafa kabad ɗin yadda nake so. A nan na toya abin da ya kai ku makaranta ke da shi. Babu tef ɗin da zai sake shiga cikinsa ina raye.

In yayanki ne ya sa ki, ki faɗa mini kawai. Na fi son a mare ni ina kallo.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma ba ki haƙuri. Lafiyata lau, amma takardarki ta hana ni cin abincin rana.

Wallahi ban san da zancen mai takalmi ba sai a takardarki. Wanda ya tambaye ni girman kicin mai sayar da kayan girki ne. Tunda kin tona ni, ga maganar: injin kwaɓi nake so in saya miki, irin mai zama a kan tebur da kwanonsa. Na ɓoye ne don na san abin da za ki ce, cewa burodin inji ba shi da rai. Na so ki gan shi a gabanki tukun, ki zage ni, sannan ki gwada.

Ba abu ne da ake ɗauka ido rufe ba, shi ya sa na yi ta tambaya. Akwai wanda kansa yake ɗagawa baya in za a cire kwano, shi yana son sarari a sama, in kabad ya yi ƙasa sai ya buge shi. Akwai wanda kansa a tsaye yake, kwanon ne ake ɗagawa da wani mariƙi a gefe, shi kuma dogo ne, ga nauyi kamar buhun siminti. In kwano ya yi wa kwaɓinki girma, ƙugiyar da ke juya kwaɓin sai ta yi ta yawo a sama ba ta kama komai ba. In ya yi ƙanƙanta, kwaɓin ya hau ƙugiya ya fito waje. In injin ba shi da ƙarfi, kek kawai zai iya, burodinki ya ƙone shi a mako guda. Kin ga dalilin tambayar fulawa.

To ni ma ina da tawa tambayar. Rubutun wa na karanta? Maganar taki ce, ko a cikin barci na ji ta zan gane. Amma hannun ba naki ba ne. Ke da kika ce wanda ya ba wani ya rubuta masa takarda ya buɗe wa unguwa ƙofar ɗakinsa? Me ya faru?

'Yarki,
Lashe-kwano

*

'Yata,

Gaisuwa. Ina lafiya, na kuma gaji da faɗar haka.

Tabarau ne ya karye, mai ɗinki take rubuta mini kafin a gyara. Ga ta nan tana murmushi, na ce ta rubuta abin da na faɗa kawai, ba ɗinki take yi ba balle ta ƙara ado.

Wato inji. Na yarda ba ki san mai takalmi ba, tunda kin rantse. Amma ki gaya mini, shekara nawa kina aiki, ba ki taɓa tunanin inji ba sai watan da yayanki ya fara auna mini bango? Wa ya ce miki ina bukata? Ke ba ki san yayanki ba. Ba ya faɗa, shaida yake tarawa. Ranar da ya shigo ya ga inji a kan teburina zai sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ai ke ma kin ga kin gaji." Ke da kyakkyawar niyyarki za ki miƙa masa abin da ya rasa. Ko kuwa shi ya jefa miki maganar a cikin hira ya bar ki ki ɗauka taki ce. Ki tuna sosai.

Kuma inji ya san ranar da fulawa take shan ruwa da ranar da ba ta sha? Ya san lokacin da kwaɓi ya daina gardama? Wannan tafin hannu ne yake ji.

Duk da haka, don kada ki ce na raina ki, ga amsarki. Soket yana aiki in an danna filogi da ƙarfi. Wuta tana rawa da yamma. Fulawa, abin da babbar robar nan shuɗiya take ɗauka, sau biyu a rana, yadda kika sani, ban rage ko cokali ba. Faɗin tebur ya ishi inji da uban inji. Tsakanin tebur da kabad kuma, mai ɗinki ta miƙo tef na ce ta mayar. Da hannuna na auna tana kallo, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Taƙi huɗu ne. Ki kai wa mai kayan girkin naki ya yi lissafi.

Ban ce ki saya ba. Amsa na ba ki.

Gwaggonki

*

'Yata,

Ina gaishe ki, in har gaisuwata tana da sauran daraja. Ina fata lafiya ce ta sa kika yi shiru. Direban da ke kawo takardunki ya wuce ta layin nan har na daina leƙawa. Na sa an kira wayarki, kika ce kina gaban masu sayen magani, za ki rubuto. Muryarki ba ta yi mini daidai ba. Irin muryar da kike yi ce tun kina ƙarama in kin fasa abu kin tura shi ƙarƙashin gado.

Shi kuma yayanki ya koma wani mutum. Kullum waya. "Mama, kin ci abinci? Mama, kada ki ɗauki abu mai nauyi. Mama, wa yake ɗaga miki buhu?" Yaron da sai ya yi wata bai tambaye ni ko ruwa na sha ba. Shekaranjiya ya aiko da kwalaye manya-manya, babu komai a ciki, wai in adana masa. Ni za a yi wa wayo da kwali? Ya ce ƙarshen wata yana zuwa mu zauna mu yi magana.

Na haɗa shirunki da ladabinsa, lissafin ya fita. Kin kai masa takardata. Kin gaya masa ba ni nake rubutu ba, kun zauna ku biyu kun gama da ni. Inji kuwa dama babu shi, an kawo zancensa ne don in buɗe baki.

Ban yi fushi ba, mai ɗinki ce take cewa na yi. Abin da ya dame ni ɗaya ne. In na hau benen nan na zama kaya. Za a zaunar da ni gaban talabijin, a kawo mini abinci a faranti, in na shiga kicin a ce, "Mama, ki huta." Ni da asuba ta fari ƙamshin gidana yake tashin layi. Ban san yadda ake wuni ba tare da wani yana jiran abin da zai fito daga hannuna ba, kuma na tsufa da koyo.

Na ba mai ɗinki gwangwanayen kek guda biyu, masu zanen fure. Gara ita da mai haya. Naki mai siffar zuciya na ajiye, ko da ba ki cancanta ba.

Gwaggonki

*

Gwaggona, uwata,

Ina gaishe ki. Lafiyata lau. Ki karanta wannan ke kaɗai, na san tabaranki babu abin da ya same shi.

Ban kai wa Yaya takardarki ba, ko kalma ɗaya bai ji daga bakina ba. Gaskiya ne ya kira ni ya ce in taya shi lallashinki, na ce masa ba da ni ba. Shirun da na yi, rasa yadda zan fara na yi. Takarda nawa na rubuta na yaga.

Gwaggo, ina nan ranar da kafinta ya kafa kabad ɗin. Ina zaune a kan buhun fulawa ina lashe kwanon kek. Ya fito da tef kika ce ya mayar, kika ɗora hannunki a bango kika ce, "Taƙi uku, kada ka ƙara, kada ka rage, gwangwanin sukarina ne zai zauna a nan." Shekara da shekaru kina ba baƙi labarin nan. Kabad bai motsa ba, tebur bai nutse ba. Hannunki ne ya daina buɗewa.

Da na karanta "taƙi huɗu" ina tsaye a bayan kantar da nake sayar da magani, sai da na shiga ɗakin ajiya na zauna. Nan na gane rubutun mai ɗinki, na gane filogin da sai an danna da ƙarfi. Na tuna zuwana na ƙarshe da kika ce in buɗe miki kwalbar man shanu wai hannunki da maiƙo. Robar nan shuɗiya sau biyu a rana, da wane hannu? Tun yaushe kike shan wannan azabar ke kaɗai?

Sai na ga duk zaɓin da na yi a baya shirme ne. Ina ta duba ƙarfin inji da kyan launi, ban duba wadda za ta taɓa shi ba. Ranar hutuna na ɗauki bandeji daga wurin aiki, na naɗe yatsuna na haɗe su yadda ba za su buɗe ba, na shiga kantin kayan girki. Na ce a fito mini da kowane inji in gwada. Mai kantin ya yi ta bi na a baya, ina jin ya ɗauka ko taɓin hankali ko sata. Wanda na fi so da farko, mai kwanon gilas, ko ɗaga kwanon ban iya ba. Dogon nan mai mariƙi sai an damƙe an murɗa, na kasa. Wani sai an matse maɓalli da yatsa biyu kafin kansa ya ɗaga. Wani kwanonsa in ya kulle sai ƙato. Na bar kantin na shiga wani, na sake shiga wani. A ƙarshe na sami wanda ake tura makunninsa da gefen hannu, kansa ya ɗaga da dannawa ɗaya ta tafi, kwanon ƙarfe marar nauyi mai kunne babba da za ki zura hannu har wuyansa. Na sa mai kantin ya kawo fulawa da ruwa muka kwaɓa mai tauri a gabansa, injin bai yi zafi ba, bai yi tafiya a kan tebur ba. Rabin robarki yake ɗauka, sai ki yi sau huɗu kina zaune. Babu shi a ƙasa sai wanda ake nunawa, sai da aka aiko da sabo, shi ya ƙara jinkirin.

Tsayinsa kuma da hannuna na auna, tunda kin ce hannunki na ɗauko. In kansa ya ɗaga, taƙi uku ba kaɗan. Zai shiga. Na haɗa da abin daidaita wuta saboda rawar yamma. Direba zai kawo kafin ƙarshen wata, na roƙe shi ya ɗora miki a kan tebur da kansa.

Kin ce inji bai san lokacin da kwaɓi ya daina gardama ba. Bai sani ba kuwa. Shi ya yi dambe, ke ki taɓa ki yanke hukunci.

Ba zan gaya wa Yaya ba. Amma in ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba, kuma hannun nan yana son likita, ni a kantin magani nake aiki, na ga masu irinsa sun sami sauƙi. Na fi so ya ji daga bakinki, a kicin ɗinki, burodinki yana kan tebur. Ki karɓo gwangwanayenki daga mai ɗinki.

'Yarki,
Lashe-kwano

*

'Yata,

Gaisuwa. Ba ni da lafiya sosai, hannu ne. Ga shi na faɗa.

Ranar da na auna na ga huɗu, na ce a raina kabad ɗin ne ya hau sama. Har kafinta na zaga, bawan Allah yana kabarinsa.

Abin naki ya zo. Ya shiga, da ɗan sarari a sama. Kwana biyu ban kula shi ba. Ƙara gare shi kamar mai shirin tashi sama, kuma ban yarda da shi ba, ina tsaye a kansa. Amma yana jin magana.

Yayanki ya zo. Ya ga inji, na jira ya sunkuyar da kai, bai yi ba. Na yanka masa burodi. Ya ci, ya daɗe yana taunawa, sai ya ce, "Mama, wannan irin na da ne." Na ce to wane iri nake ba ka kwanakin baya? Ya ce ya fi shekara burodina yana nauyi. Mai shago ya sani, mai ɗinki ta sani, layi duka sun sani, suna saye suna shiru. Ya taɓa leƙowa ta taga ya gan ni ina danna kwaɓi da gwiwar hannu, ya koma mota ya zauna. Ni ina nan ina ɓoyo, ashe ni kaɗai nake wasan.

Na ɗora hannuwan a kan tebur na ce to ga su, ka kalla. Ya riƙe su, ƙaton banza yana hawaye. Mai takalmi dillalin gidaje ne, yayanki ya amsa da bakinsa. Ban yi kuskure ba a nan, ki rubuta ki ajiye. Ya kwashe kwalayensa. Jibi zai kai ni likita. Bai ce ya janye maganar bene ba, ni ma ban ce na daina sa masa ido ba. Amma ina kicin ɗina, kwandon mai shago yana bakin ƙofa.

Mai ɗinki ta dawo da gwangwani ɗaya, ta ce ɗayan ladan rubutu ne.

Wannan rubutun nawa ne. Wuni guda ya ci. In bai karantu ba ki zo in karanta miki, kek zan kwaɓa, kwanon naki ne. Kuma ina so ki buɗe hannunki a bangon nan in ɗora nawa a kai. Na manta girmansa.

Gwaggonki